Sanyin Rumbun Karshi

Da Nazeefa ta rufe murfin akwatin ƙarfen na'urar sanyaya rumbu daga waje, Fu'ad ya gane ko juyawa ba zai iya ba. Gwiwoyinsa a haɓa, bayansa manne da tankin na'urar, hannunsa a kan wani ɗan famfo.

Su biyu suka ƙera na'urar, dukkansu injiniyoyi. Ruwa ke zama tururi a cikin bututun da aka zuƙe wa iska, ya kwashe zafin rumbun. Ƙwayoyin silika da ke cikin tanki su shanye tururin, su ɗau zafi, daga baya rana ta busar da su. A takarda ke nan. A kasuwar Karshi kuwa, ruwan kwanciya yake yi a gindin bututu ya ƙi tashi, tumatirin mata na ta ruɓewa.

Jiya suka saka sababbin bututu masu kaushi, don ruwan ya bazu siriri kamar gumi, amma hadari ya hana su gwadawa. Yau ga mutanen ma'aikatar da ke biyan kuɗin aikin sun iso da daraktansu. In ba sanyi, an rufe aikin.

Shi ya sa Fu'ad ya ɓoye duro cike da ƙanƙara a bayan rumbun. Da ya ji tarin Nazeefa, zai murɗa famfo, ruwan ƙanƙara ya bi bututun rumbun a ɗauka na'urar ce ke aiki. Ita dai ta ce, "Fu'ad, ka ji tsoron Allah." Da ya nace, ta ɗauki sifana ta zagaya baya.

Tarin ya zo. Ya murɗa, famfon ya juya sakayau.

Can sai tankin ya fara gasa masa baya. Riga ta manne, numfashi ya yi ƙaranci. Ya tura murfin da kafaɗa, ashe sakata ta faɗa. Bugawa kuma ba dama, ga takalman darakta nan yana hangen su ta wata kafa.

Sai muryar Mama Perpetual, shugabar masu tumatir: "Oga, sanyi ya shiga ƙashina! Tumatir namu ya tsira. Allah ya yi ma yaron nan albarka!"

Wannan ta fi tankin ƙona shi. Yanzu matan nan za su jido kwandunansu kaf, jarinsu da na 'ya'yansu, su zuba a rumbun da ba abin da ke riƙe da shi sai ƙanƙara mai narkewa. Ya cije leɓe, gumi da hawaye suka haɗu.

Sai da motoci suka tashi aka zare sakatar. Ya zubo ƙasa kamar tsumma.

"Na cuci matan nan," ya ce yana haki. "Maza ki hana su kawo kaya. Ƙanƙarar ba za ta kai la'asar ba."

Nazeefa ta zuge jakarta, ta ciro tiyon da zai haɗa duron da na'urar, yana nan a naɗe cikin ledarsa.

"Wace ƙanƙara? Ai ban haɗa ba."