Ranar da Baba Ya Kira Ni Sani

Ina ƙarama muna haya a wani ɗan ɗaki a unguwar Faisal, bayan mun gudo daga Sudan. Wata rana da azahar Inna ta tafi aikatau unguwar Zamalek, Baba yana dafa gahawa da citta, ni ina wasa a gefensa. Sai yaran layi suka fasa abin wasan wuta a ƙarƙashin tagarmu.

Ban ankara ba ya fizge ni, ya tura ni ƙarƙashin gado, ya rufe ni da jikinsa. Jallabiyarsa tana ƙamshin citta, ƙirjinsa yana bugawa a kunnena.

"Sani, yi shiru," yake ta raɗawa. "Yi shiru, ga ni nan."

Da hayaniyar ta lafa na ce, "Baba, ni ce Hauwa. Wane ne Sani?"

Da hawaye a idonsa ya ce, "Yayanki ne. Ranar da mayaƙa suka shigo garinmu ban kai gare shi da wuri ba."

Ban taɓa sanin ina da yaya ba, ban kuma taɓa ganin Baba yana kuka ba sai ranar. Yau muna Ostireliya, ya tsufa, ba ya yawan magana, kuma ina kewar wannan rungumar har yanzu.

A ranar, a ƙarƙashin gadon, na ce, "Khalas, ya wuce, Baba, mu fita. Gahawa tana zuba."

Ya ce, "Ma'alish, ba komai, 'yar Baba, bar ta ta zuba. Mu ɗan dakata a nan tukuna."

Muka zauna a nan, ina riƙe da yatsansa, har aka kira la'asar.