Sunan da Ke Kan Katin

Ke, mai dogon baki, wa ya koya miki yi wa babba irin wannan tambaya? Don wata marar kunya ta ce miki a makaranta ubanki tsohon ɗan ƙwaya ne, sai ki kwaso maganar da ɗuminta ki zube min a cinya? To, tunda kin tambaya, duk ku zauna. Sau ɗaya zan faɗa. Wanda ya katse ni zai sha ranƙwashi.

An yi wata mata mai ciwon gwiwa, da ɗanta tilo, direban bas ɗin wata makaranta. Shekara tara yana ɗaukar 'ya'yan mutane, ko kaza bai taɓa takawa ba. A gidansu akwai wani gwangwanin madara a bayan buhun gawayi, inda ake ɓoye ƙwayar kashe ciwo ta kemis ɗin bakin titi. Da farko gwangwanin kan kai wata guda. Ya koma mako. Ya koma kwana uku.

Wata safiya ɗan ya ajiye gwangwanin a gabanta, wayam.

"Inna, abin nan ya fi ƙarfinmu. A nemi likita."

"A zuri'armu ba a taɓa rubuta sunan kowa a asibitin masu taɓin hankali ba."

"Nawa za a rubuta. Ke dai ki raka ni."

Ta raka shi, tana zaginsa tun daga ƙofar gida har tasha.

Wurin farko, gidan gyaran hali ne. Wani ƙato mai tarin makullai a ƙugu ya nuna musu ɗaki babu taga, da zoben ƙarfe a jikin bango daidai idon sawu. Ya ce wata uku kawai, mutum ya fito sabo fil. Matar ta dubi zoben, ta dube shi, ta ce ko jaki ba za ta bar masa ya kwana a nan ba. Ta fita da saurin da gwiwarta ta yi shekara ba ta yi ba.

Wuri na biyu, likitan ko kai bai ɗaga ba. Kafin ɗan ya rufe baki, har ya rubuta wata sabuwar ƙwaya. Ta wanke shi tas: ƙwaya muka zo a raba mu da ita, kai kuma ka ƙaro mana ƙanwarta? Ta gama masifarta, ta ninke takardar, ta cusa a jaka. A bakin ƙofa ɗan ya zaro ta, ya yayyaga ta.

Wuri na uku, babban asibiti ne, da layi har waje. A layin nan uban wani ɗalibi ya hango direban, kati a hannu, ƙarƙashin allon sashen masu taɓin hankali. Kwana biyu, shugaban makaranta ya kira shi, ya tambaye shi ko gaskiya ne. Ya ce, "Katin nawa ne." Aka karɓe makullin bas.

Da uwar ta ji, kamar ta cinye shi ɗanye. "Bakinka ciwo yake yi? Abin da ka iya faɗa ke nan?" Ya ɗauki hularsa, ya je ya nemi aikin facin taya.

A asibitin aka haɗa su da wata likita siririya, wadda ba ta allura, wai magana ce maganinta. Uwar ta taɓe baki: wannan yarinyar da na haifi sa'ar uwarta? Likitar ta tambayi ɗan, guda nawa ake sha a rana. Ya waiwayi uwarsa.

"Takwas."

"Shida!" in ji uwar. "Kada ka yi ƙarya a gabana."

Likitar ta ajiye biro. Ta tura wa tsohuwar kofin ruwa, don zufa na zuba mata ga fanka na juyawa. Ta ce, "To, shida. Za a rage a hankali, kada a yanke lokaci guda. Duk Talata ina son ganin ku biyun. Ranar da Inna ba ta zo ba, ba na ganin kowa." Har motsa gwiwa ta koya mata, wai kyauta ce ta 'yar rakiya.

Ku da kuke kuka don an cire muku ƙaya, ba ku san wahala ba. A gidan nan an yi amai, an yi makyarkyata da tsakar rana, an fasa kwanuka, an tsine wa likitar da wanda ya haife ta. An roƙi rabin ƙwaya da hawaye, an hana. Ɗan yakan ƙure rediyo don kada maƙwabta su gane murya. Sau biyu ana komawa kemis a ɓoye. Sau biyu likitar tana cewa, ba komai, a sake farawa. Ba ta taɓa ɗaga murya ba, abin da ya fi ba uwar haushi ke nan.

Wata goma sha ɗaya aka yi ana zuwa Talata. Ga gwangwanin can, zare da allura ne a ciki yanzu. Bas kuwa ba a mayar masa ba. Har yau faci yake yi, har yau 'yan banza na nuna shi da baki, shi kuma bai taɓa tanka wa kowa ba, don ya rantse ba zai tanka ba.

Ni ban rantse ba.

Ku tashi ku kwanta, kada in ji motsin kowa. Ke kuma, gobe ki je ki gaya wa yarinyar nan ubanki ko ƙwaya ɗaya bai taɓa haɗiya ba. In tsohuwar 'yar ƙwaya take nema, ta zo ta same ni, ga ni nan zaune.