Tambarin Aro

Manya sun ce babban mutum inuwa ne ga na ƙasa da shi. Ba su dai faɗi wanda ke shan ranar ba.

To malam, akwai wani mai shanu, garkensa in ya taso sai ka ce hadari ya haɗo. Duk yankin mutum ɗaya ne ke iya kallonsa ido cikin ido, wato mai rijiyoyin fadama. Ba sa shiri, amma kowane rani shanun wannan a rijiyoyin wancan suke sha, takinsu kuma shi ke raya gonakin wancan. Gaisuwarsu gajeriya ce, ta kuwa ishe su. Sai wani maƙwabci mai 'yan shanu, wanda kowa ya san shi da tsokana, ya zo ya durƙusa gaban mai shanu. "Baba, ara mini ƙarfen tambarinka in yi wa shanuna shaida, ɓarayi sun dame ni." Mai shanu ya ji daɗin "Baba" ɗin nan, ya ba shi. Tun daga ranar ba wanda ya sake taɓa maƙwabci, shi ne ma ya fara taɓa mutane. Ana gab da girbi, saboda wata tsohuwar gaba, ya kora shanunsa gonar waken mai rijiyoyi, suka yi mata aski. Masu gona ba su ga makiyayi ba. Cinyoyin shanu suka gani, da tambari a jiki.

Kashegari aka kewaye rijiyoyi da ƙaya, ga rani na tafe. Mai shanu ya zauna a zaure yana juya abin. In ya ce shanun ba nasa ba ne, tambarinsa ya zama tabon ƙuna kawai, masu fakewa da shi su watse. In ya ce nasa ne, ya ɗauki faɗan da bai shirya ba, da mutumin da ruwa ke hannunsa. Ya aika a kira maƙwabci su yi shawara. Ɗan aike ya dawo ya ce, "Ranka ya daɗe, ya yi kudu da shanunsa. Ya ce a gaishe ka, wai ya san kai ba ka tsoron kowa." 'Yan hira suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya, don su ma ruwan fadama suke sha. Da rani ya kankama, shi kaɗai ke zama a kan buzunsa, yana jin kukan shanu masu ƙishi a bayan gida. Na maƙwabci kuwa an ce sun yi ƙiba a kudu.

Da ma Hausawa sun riga sun faɗa: kowa ya sayi rariya, ya san za ta zubar da ruwa.