Matuƙin da Ya Daina Gaida Doreka

Doreka ta miƙa masa dafaffiyar doya, Tauwiya ya kawar da kai kamar an miƙa wa bango. Sai da 'yarta Sinelei ta karɓi kwanon ta kai masa sannan ya sa hannu.

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Yaron nan da ta goya! Shekara da shekaru shi ke tuƙa ta a kwalekwalen kawunsa Lebasi, su bi gaɓar teku da tukwanenta na ƙasa har kasuwar Samarai, yana tsokanarta, yana wawurar kifi daga tukunyarta. A wannan tafiya kuwa tun da iska ta cika ƙyallen jirgi bai kira sunanta ba. In zai wuce ta sai ya sunkuya ya zagaya ta bayan kaya, in ta zauna gaba ya koma baya. Har wani kwandon manyan doya ya ɗaure gefe, ya hana kowa taɓawa. Rowa kuma ta ƙaru a kan girman kai.

Da hantsi ta hango ruwa ya yi fari a gaba.

"Kai Tauwiya! Duwatsu! Kurma ne kai?"

Ya karkata jirgin a kan lokaci, amma ko kallonta bai yi ba. Sinelei ya ce wa, "Gaya mata na gani."

"Gaya mata? Ni ce 'mata'? Don an ba ka tuƙi shi ne kanka ya kumbura? Wallahi sai ka sauka daga jirgin nan!"

"Inna, ki bari mu isa tukuna," in ji Sinelei a hankali.

"Rufe min baki! Ke da kike tsoma hannu a kwano ɗaya da shi."

Suna isa Samarai ko tukwanen ba ta sauke ba, ta nufi Lebasi yana gyaran taru a bakin ruwa. Ta zazzage masa komai a gaban masunta, ta ƙara gishiri, ta ce saura ƙiris yaron ya kifar da su don taurin kai. Lebasi mutum ne da ba ya janye magana in ya furta ta cikin jama'a. Nan take ya ce daga yau Tauwiya ba zai sake riƙe masa jirgi ba.

Doreka ta juyo, zuciyarta ta yi sanyi. Sai ga Tauwiya durƙushe nesa kaɗan, kansa a ƙasa, ya tura kwandon doyar nan wajen ƙafafunta. Sinelei na tsaye bayansa, hawaye shaɓe-shaɓe, ta ce:

"Dama yau za mu gaya miki maganar aurenmu a gaban kawunsa, Inna. Wane namiji ne ke kiran sunan surukarsa?"