Kabejin Rumfar Bakin Gada

Fumie ta juya kabejin, ta ga ramin tsutsa har uku, sai ranta ya yi fari. Abin da tsutsa ta yarda ta ci, ai ba a yi masa feshi ba. Ta jefa yen ɗari uku, kuɗin Japan, a akwatin kuɗi ta wuce. Rumfar bakin gada ba ta da mai tsaro. Manomi yakan jera kaya da sassafe, ya rubuta farashi, ya tafi abinsa.

Wata shida ke nan ba ta cin ganyen kowa sai na nan. Na kanti, a cewarta, guba ce a leda. Wanda surukinta Genzo yake nomawa a bayan gida kuwa, ta hana shi shiga kicin ɗinta, wai hayaƙin motoci ya gama da shi. Tsohon bai yi musu ba. Kullum da safe yakan ɗaure kwando a bayan keke ya fita, ita kuma ta ɗauka tsofaffin abokansa yake rabar wa.

"Baba, ɗanɗana ka ji yadda ake noma," takan ce masa wurin cin abinci. Shi kuma ya tauna, ya gyaɗa kai, ya ce lallai mutumin ya san aikinsa. Abu ɗaya ke ba ta haushi: duk abin da ta yaba yau, gobe sai ta tarar an ƙara masa yen hamsin.

Matan ƙungiyar kare muhalli ta unguwa suka bi sahunta, rumfa ta yi kasuwa, har kanti ya fara jera karkatacciyar kokwamba irin ta rumfar don ya dawo da su. Fumie ta ga shugabancin ƙungiya ya zo hannu. Sai Madam Kamiya, wadda ita ma take son kujerar, ta tashi a taro ta ce wa ya taɓa ganin manomin nan? Wataƙila ma ragowar kanti ce ake shafa wa ƙasa.

Fumie ta cika baki: ko ta kawo shi ranar Asabar, ko ta janye daga takara. A ranar taron ta jefa wasiƙa cikin akwatin kuɗin, da adireshinta da roƙo shafi biyu.

Asabar ta zo. Mata goma sha biyu suka zauna a kan tabarma a gidan Fumie har shayi ya huce. Fumie ta leƙa ƙofa sau bakwai, tsoro ya fara kama ta. Madam Kamiya tana ta duba agogo tana murmushi.

Sai aka ji taku a matakala. Fumie ta tare hanya da sauri, ta rage murya. "Baba, don Allah ka koma sama, babban baƙo muke jira."

"Ai shi ya sa na sa kwat, 'yata," in ji Genzo, ya zaro wasiƙarta daga aljihu.