Rigar Barau

Da ciwon tsoka ya fara kashe wa Barau hannuwa, masu gasar golf suka ba shi rigar ƙarfe mai koyon bugun mai ita. Shekara shida suna cin kofi tare. Bana, don rashin ta ido, aka yi doka: riga tana iya shiga gasa ita kaɗai.

Yau yayarsa Kande ta turo shi a keken guragu cikin 'yan kallo. Rigar ta ɗaga sanda, ba kowa a cikinta, sai ta ɗan dakata.

"Ta lalace ne?" in ji Kande.

"A'a, Yaya. A nan nake yin bismilla."

Rigar ta buga ƙwallo, fili ya kaure da tafi. Wani ya zunguri keken.

"Bawan Allah, matsa gefe, ka tare mana Barau."