Takin Juji

Ka ce da ni, Malam, ba ka ga amfanin sa 'yan makaranta tsintar leda ba, tunda ba shara ka kai ɗanka ya koyo ba. Ba zan yi musu da kai ba. Zan dai ba ka misali ɗaya, ka auna shi da kanka.

Akwai wani manomi da gonarsa ke bayan makarantar firamare ta garinsu. Ba rago ba ne, kuma ba mugu ba ne. Yana da shanun huɗa biyu, fari da baƙi, waɗanda ya rena tun suna 'yan maruƙa, kuma da su yake ci da gidansa. Kowane rani yakan aza wa jakinsa mangala, ya yi ta jigilar taki daga jujin gari zuwa gona yana zubawa tsibi-tsibi, kamar yadda ya ga mahaifinsa yana yi. Abin da bai lura da shi ba shi ne jujin ya sake hali. Na zamanin mahaifinsa toka ce da kashin awaki da ruɓaɓɓen ganye. Na yanzu kuwa kusan rabinsa leda ce: ta ƙosai, ta gishiri, ta ruwan sha. In iska ta taso sai ta baje ta, ta maƙale a guntayen kara, gonar ta yi ta kaɗawa baƙi da fari. A nan ɗin yake sakin shanunsa kiwo, tun daga girbi har faɗuwar damina.

Wata bazara 'yan aji biyar suka tarar da shamuwa a mace, a gindin tsamiyar da ke iyakar gonar. Yaro ko na goye ya san ba a jifan shamuwa, don ita ke kawo albishirin ruwa. Saboda haka suka tsaya duba abin da ya kashe ta. Baƙar leda suka gani a maƙogwaronta, rabi a ciki, rabi a waje. Suka tona rami da tsinke da hannu suka binne ta. Sa'an nan suka yi shawara a tsakaninsu, ba wani malami da ya aike su, suka tafi wurin manomin su goma sha ɗaya.

Wata yarinya da ta fi su baki ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, ka bar mu mu riƙa tsince maka ledar nan kowace Alhamis in an tashi. Mun ga baƙin san nan yana lasarta. Abin da ya kashe shamuwa ba zai ƙyale shi ba."

Manomin ya yi dariya har ya dafa jakinsa. Ya ce, "Ke 'yar nan, cikin tsuntsu ai ludayi ne, na sa kuwa rumbu. Ku dai faɗi gaskiya, tsamiya ce ta kawo ku." Ya kaɗa su da hannu kamar mai korar kaji, ya koma sauke mangala. A iya rayuwarsa bai taɓa jin an ce yaro ya koya wa babba kiwo ba.

Damina ta wuce lafiya, aka yi girbi, ya ƙara jibga wani takin. Wajen tsakiyar rani baƙin sa ya soma rama. A zuba masa harawa, ya sunsuna ya kau da kai. Haƙarƙarinsa suka fito ana iya ƙirga su, ciki kuwa ya kumbura ya yi tauri kamar tulu. Manomin ya ba shi kanwa, ya ba shi jiƙon sassaƙe, ya kira duk wanda aka ce ya san ciwon dabba. Ranar da ruwan shuka ya sauka, maƙwabta suna ɗaura wa nasu shanun karkiya, shi nasa ya kwanta bai ƙara tashi ba. Aka kira mahauci ya sa masa wuƙa kafin ya zama mushe. Da ya farke tumbi, leda ya jawo, a murɗe kamar igiya, dunƙule guda da ya cika kwando. Ko tafin hannu babu wurin da ciyawa za ta zauna. Mahaucin ya ajiye kwandon a gaban manomin.

Karkiya wuya biyu take so. Farin sa ya kwana uku yana kuka a turke, garmar shanu tana jingine a bango. Manomin ya ɗauki ta hannu, ga tsufa ga ciwon baya, ya huɗe abin da ƙarfinsa ya kai, kashi ɗaya cikin uku. Sauran gonar ciyawa ta gaje ta.

Ran Alhamis da aka tashi daga makaranta, sai ga yaran nan a ƙofar gidansa, a lokacin suna aji shida. Suka tuɓe takalma suka durƙusa a zaure. Yarinyar ba ta ce sun faɗa masa ba. Cewa ta yi, "Baba, mun ji abin da ya faru. Sannu. Allah ya mayar da alheri." Sauran suka ce amin. Dattijon ya sunkuyar da kai yana murza gefen tabarma har suka tashi suka tafi.

Shi ya sa magabata suka ce, wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.